Mutumin da Ya Sare Kurmin Idon Ruwa

Akwai wani mutum, manomi, wanda ubansa ya mutu ya bar masa abu biyu: gona a fili, da kurmi a gindin tudu. Gonar dai gona ce irin ta kowa. Kurmin ne abin magana, gama a tsakiyarsa akwai idon ruwa wanda yake ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani dutse, kuma ba wanda ya taɓa jin an ce ya ƙafe. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da rafuffuka suke komawa yashi, matan ƙauyen sukan je da tulu su komo da shi cike, ruwa garau, mai sanyi har haƙori yana amsawa.

Itatuwan wurin tsofaffi ne ƙwarai. Akwai maɗaci da gamji da ɓaure, akwai malmo a bakin ruwan, ɗorawa da kaɗanya da ɗinya kuwa sun kewaye gefe. Mata suna samun kalwar daddawa da man kaɗe a nan. In zazzaɓi ya kama wani, a ɗan ɓanɓaro ɓawon maɗaci a jiƙa masa. Zuma tana cikin kogon itace, tsuntsaye suna kwana a sama su fita da safe su tsince tsutsar gonaki. In iska mai ƙarfi ta taso daga gabas a farkon damina, kurmin ne yake tare ta, shi ya sa jinkar ɗakunan ƙauyen ba ta cika tashi ba.

To, kakannin mutumin nan ba su san Allah na gaskiya ba. A gindin babban gamjin suka kafa dutsen yanka da wata tsohuwar tukunya, kowace shekara kafin shuka sai su yanka jan zakara a wurin. Suka kuma kafa doka: ba a shiga kurmin da ƙarfe. Ba gatari, ba adda, ko lauje ba a yarda ba. Mace tana iya tsintar busasshen icen da ya faɗi da kansa, amma ɗanye ba a taɓa shi. Suka ce iskoki ne masu wurin, wanda ya sari itace hannunsa zai shanye. Da wannan tsoro aka tsare kurmin tun daga kakan kaka har ya zo hannun mutumin nan.

Ana nan sai bishara ta zo ƙauyen. Matarsa Tabita ce ta fara ba da gaskiya, ta yi shekara huɗu tana masa addu'a kafin shi ma ya tuba aka yi masa baftisma. Tubansa na gaske ne, kada wani ya ce na ce ba haka ba. Ya bar giya, ya bar dūkan mata, shi ne na fari a majami'a ran Lahadi. Sai dai mutum ne mai zafin kai, irin waɗanda in sun kama abu sai sun wuce da shi gona da iri. Kun san su. Akwai su a cikinmu, ba sai na nuna da yatsa ba.

Wata rana a kasuwa ya ji wasu suna masa dariya, suna cewa ga mai bi can, Lahadi yana waƙa, amma tukunyar kakansa tana nan a kurmi ba ta motsa ba, ai tsoro ne ya hana shi taɓa ta. Maganar ta soke shi. Ya komo gida bai ci tuwo ba, ya ɗauko gatari ya zauna yana wasawa. Ya gaya wa Tabita zai share wurin ƙaf, daga gamji har ɗinya, domin kowa ya ga Allahn da yake bi ya fi iskoki.

Tabita ta ce masa, "Maigida, ka fasa tukunyar, ka mirgina dutsen cikin kwari, zan kama maka da hannuna. Amma itatuwan me suka yi maka? Ba su taɓa cin zakaran kowa ba. Allah ne ya shuka su."

Ya ce in ya bar ko guda ɗaya a tsaye, za a ce wannan ne mai iskar, shi ya ji tsoronsa. Ya ce ita mace ce, daddawarta take ji. 

Yana da baffa mai suna Nomau, ƙanen ubansa, tsoho wanda bai bar hanyar kakanni ba. Da labari ya kai kunnensa, ya dogara sanda ya zo. Ya roƙe shi, ya yi masa faɗa, ya rantse masa cewa kafin wata ya mutu hannunsa zai shanye, 'ya'yansa za su haukace. Kash! Da tsohon nan ya san abin da yake yi, da bai buɗe baki ba. Kowace barazana da ya yi, ƙara wasa gatarin take yi. Mutumin ya ce masa, "Baba, ka zo ka tsaya ka gani da idonka."

Da kaka ta wuce ya shiga kurmin da gatari a kafaɗa, yana waƙar sujada da ƙarfi. Mutanen ƙauye suka taru daga nesa suna leƙe. Ya fasa tukunyar, ya ture dutsen, sa'an nan ya kai wa gamjin sara. Kwana uku ya yi a kansa kafin ya faɗi, da ya faɗi ƙasa ta girgiza, tsuntsaye suka tashi suka rufe sama. Aka jira hannunsa ya shanye. Wata ya mutu, wani ya tsaya, hannu yana nan lafiya lau, 'ya'yansa suna wasa a ƙofar gida. Sai samarin ikkilisiya suka zo suka taya shi, kafin rani ya ƙare babu itace ɗaya a tsaye. Ran Lahadi ya tashi ya ba da shaida, aka yi ta tafi, mata suka yi guɗa. Tabita tana zaune a cikinsu, ba ta yi guɗa ba.

Ku ji haƙurin Allah. Da ruwan fari ya sauka, kututturan nan suka yi toho. Kowane gindi ya fid da 'ya'ya kore shar, goma, ashirin, gama saiwoyin suna da rai a ƙasa. Tabita ta gani ta yi murna, ta roƙi mijinta ya bar su. Ta ce tukunya ta fashe, dutse ya tafi, kowa ya ga abin da ya gani, yanzu sai a ƙyale wurin ya komo. Da ya ji maganarta, da cikin 'yan shekaru inuwa ta dawo. Amma ina! Ya ce in suka tofo, Baba Nomau zai ce iskoki ne suka komo gidansu. Da rani ya sāke zagayowa ya tara karan dawa da ƙaiƙayi a kan kowane kututture, ya cinna wuta. Wasu suka yi mako guda suna ci a hankali, wutar tana bin saiwa har cikin ƙasa. Wannan kam raina yakan ɓaci duk lokacin da na zo nan a labarin, gama saran gatari kuskure ne mai gyaruwa, wutar ce ta kashe wurin.

Ya nome filin ya shuka dawa. Ƙasar baƙa wulik, ganyen shekaru aru-aru ya ruɓe a cikinta, dawa ta yi tsawon da ba a taɓa gani ba. Ya cika rumbu biyu ya gina na uku. Ya ce albarka ce, kowa ya ce albarka ce. Da maƙwabta suka ga ba abin da ya same shi sai hatsi, su ma suka ɗauki gatura suka hau tudu. Wanda yake da Allah a zuciya ya sara, wanda ba ruwansa da Allah ya sara, masu gawayi suka zo daga gari da buhuna. Tsoron da ya tsare tudun ya mutu, ba a kuwa sa kome a madadinsa ba.

Idon ruwan bai ƙafe rana ɗaya ba. A shekara ta biyu ya soma gurɓacewa bayan kowane ruwan sama. A ta uku, mata suka fara layi, ana jiran ƙwarya ta cika kafin a juye a tulu. Damina kuwa ta zama abin tsoro. Dā in aka yi ruwa, ganyaye ne suke tare shi, ya ɗiɗɗiga a hankali, ƙasa ta sha ta ajiye. Yanzu sai ya faɗo a kan tudu tsirara, ya gangaro ja wur da gudu, ya kwashe baƙar ƙasar nan ya kai kwari, cikin sa'a guda ya wuce kamar ba a yi ba. Gonar da ta cika rumbu uku ta tsage gida biyu, tsakuwa ta fito. Iskar gabas ta yaye jinkar ɗakuna bakwai a yini ɗaya. Zuma ta yi ƙaura. Zafin bazara ya zama na fitar hankali, tumaki suna bin inuwar katanga suna haki. A bazara ta biyar Tabita ta je da tulu da safe, ta tarar da busasshen taɓo ya tsattsage a ƙarƙashin dutsen, ta komo da tulun a hannu.

Mutumin ya ɗauki diga ya je ya haƙa wurin. Ya haƙa zurfin gaba guda, ya haƙa gaba biyu. Abin da yake fitarwa kawai gawayin saiwoyi ne da toka, wutar da ya sa da hannunsa. Ya zauna a bakin ramin ya daɗe. A nan ne ya gane cewa itatuwan ne suke riƙe da ruwan, kamar yadda faifai yake rufe bakin randa. Ba wanda ya yi masa wa'azi, ramin ne ya gaya masa.

Abin da ya fi ci masa rai ma yana gaba. Mutanen ƙauye suka ce iskoki sun yi fushi sun ɗauke ruwansu. Waɗanda suka yi masa tafi ran da ya ba da shaida, da yawansu suka daina zuwa sujada. Aka nemo wani dutse aka kafa a kan tokar gamjin, aka yanka jan zakara, aka yanka baƙin bunsuru. Ruwa bai zo ba, sai suka ce laifin ya yi girma ne, a ƙara yanka. Shi da ya tashi ɗaukaka sunan Allah, sai ga shi ta dalilinsa ana yi wa sunan ba'a a kasuwa.

Ya tuba, da hawaye, ya roƙi Allah gafara, ya roƙi matarsa. Ya nemo irin maɗaci da ɗorawa ya daddasa a filin. Amma dashe yana son ruwa, ruwa kuwa yanzu sai a wani tafki mai nisa, tafiyar rabin yini zuwa da komowa, inda shanu suke sha suna fitsari a ciki. Abin da aka ɗebo bai ishi mutane ba balle itace. Wanda rana ba ta ƙone ba, awaki suka cinye, don ba wani kore a duk ƙasar sai shi. Shekara uku yana dasawa, ko ɗaya bai kai gwiwarsa ba.

Tabita ce take zuwa tafkin nan kowace rana tare da sauran mata. Ba ta taɓa ce masa ai na faɗa maka ba, ko sau ɗaya. Wuyanta ya riƙe, ƙafafunta suka faffashe, ta rame. A bazara ta tara ciwon ciki ya shigo ƙauyen ta ruwan tafkin, ya kwashe yara da tsofaffi, ya kama ta. Aka nemi ɓawon maɗaci a jiƙa mata, babu. Tana kwance jikinta kamar wuta, mijinta ya durƙusa ya sāke roƙonta gafara.

Ta ce, "Na gafarta maka tuntuni, Maigida, kada ka ƙara tambaya. Ruwa mai sanyi kawai nake so."

Ya leƙa randa. Abin da yake ciki ɗan guntun ruwan tafki ne, ja, mai ɗumi. Ya tace da bakin rigarsa ya kai mata. Ta kurɓa ta yi masa godiya, kafin rana ta faɗi ta cika.

A ƙasar nan in an sa mutum a kabari, akan jera itace a bisansa kafin a tura ƙasa. Aka aika neman itacen, aka zaga tudu, aka zaga kwari, ba a sami wanda ya kai kaurin hannu ba. Mutumin ya hau kan ɗakin da suka zauna shi da ita shekara talatin, ya yaye rufin, ya zaro itacen da ke riƙe da shi, da shi aka rufe ta.

Baba Nomau ya zo gaisuwa, ya tsufa tukuf, sai da aka riƙo shi. Kowa ya zaci zai yi gori. Ya zauna kusa da ɗan wansa ya ce, "Ɗana, ni na ce iskoki, kai ka ce ba iskoki. Muka yi ta ja. A cikinmu ba wanda ya ce ruwa, sai wadda muka binne yau."

Bayan wannan ƙauyen ya watse. Gida gida suka ɗaure kaya suka tafi, wasu gari, wasu kudu. 'Ya'yansa suka roƙe shi ya bi su, ya ƙi. Yana can shi kaɗai a gindin tudun, in damina ta zo ya dasa, in bazara ta zo su mutu.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ga ta.

Kurmin shi ne kowane abin da Allah ya danƙa a hannunmu wanda ba mu muka yi shi ba, ba kuma za mu iya sāke yinsa ba: itatuwa, ƙasa, ruwa, iskar da muke shaƙa. Aikin fari da aka ba ɗan adam shi ne tsaron lambu. Ba a ce masa ya mai da shi gawayi ba. Idon ruwan shi ne rayuwar maƙwabtanka. Kana cewa itacen gonata ne, gadona ne, wa zai hana ni? Haka ne, naka ne. Amma ruwan da yake riƙewa na matar maƙwabcinka ne, inuwarsa ta tsohon da ke wucewa ce, sanyinsa na jariran da ba a haifa ba tukuna. Mutumin nan shi kaɗai ya yanke shawara, ƙauye duka ya sha wuya, wadda ta hana shi kuwa ita ta biya da ranta.

Tukunya da dutse su ne ƙaryar da kakanninmu suka jingina a jikin abu mai kyau. Kada wani ya fita daga nan ya ce Fasto ya ce a koma yankan zakara. Ban ce ba. Tukunyar ta cancanci fasawa, kuma babu wata iska da ta ɗauke ruwan. Kakannin sun yi kuskuren dalili, amma ba su yi kuskuren tsaro ba. Abin kunyar shi ne, mutanen da ba su san Mahalicci ba suka tsare halittarsa shekaru aru-aru saboda tsoron ƙarya, mu da muka san sunansa muka gama da ita cikin rani ɗaya. Da muka daina tsoron iskoki, ya kamata tsoron Allah ya tsaya a ƙofar kurmin. Bai tsaya ba, gama ba mu kira shi can ba. Mun bar shi a majami'a.

Tohon nan shi ne jinƙan Allah, wanda yake ba mutum zarafi na biyu. Wutar kuwa girman kai ce. Ba don Allah mutumin ya ƙone kututturan ba, don kada a ce baffansa ya yi gaskiya ne. Ku bincika zukatanku, da yawa daga abin da muke kira himma, gudun dariyar 'yan kasuwa ne kawai.

Ga kuma abu mai nauyi, wanda ba na son faɗa amma dole. Allah ya gafarta wa mutumin nan. Na gaskata da dukan zuciyata zai ga Tabita a ranar ƙarshe. Amma ruwan bai komo ba. Wasunku suna tsammani in an yi kuka an ce Ubangiji ka yi jinƙai, sai kome ya koma yadda yake. Zunubi yakan wanku a rana ɗaya, maɗaci kuwa sai ya shekara hamsin kafin ya yi inuwar kirki, in ma ya sami ƙasar da zai kama.

Na so in rufe da magana mai daɗi, in ce muna farkon labarin nan ne, akwai sauran lokaci. Ba zan yi ƙarya a gidan Allah ba. Rijiyar bayan majami'ar nan, bana sau biyu aka ƙara wa guganta igiya, ku tambayi zumuntar mata. Ni kaina da nake muku faɗa, da gawayi aka dafa tuwon da na ci jiya, ban kuwa tambayi daga wane itace ya fito ba, don na san amsar. Na yi wa'azin nan bara, kuka ce amin da ƙarfi, har wani dattijo ya kama hannuna ya ce saƙo ya shiga. Ran Talata na gan shi da gatari.

Shekaranjiya na bi ta bayan tudunmu, na ga hayaƙin masu gawayi yana tashi wuri uku. Na san masu wutar duka. Biyu daga cikinsu ni na yi musu baftisma da hannuna, ruwa har ƙirji, a rafin da yau yara suke buga ƙwallo a cikinsa.

Mu sunkuyar da kai mu yi addu'a.